Sa'a Guda da Reb Zalman

Kaset ya fara juyawa tun kafin tsohon ya yarda zai yi magana. Dora Ferreyra ta ajiye rikoda a kan tebur, ta zauna da rigar sanyinta a jiki, jaka a cinya, kamar mai jiran mota.

Gobe za a rufe kwas ɗin ƙarin ilimi na malaman Yiddish, harshen Yahudawan Turai, a Buenos Aires. An yi nahawu, an yi waƙoƙi, har rawar biki sai da aka sa su, mata da ciwon gwiwarsu. Saura abu ɗaya: kowace malama ta kawo muryar wani tsoho da ya sha harshen a nono, sa'a guda cur. In ba kaset, ba takardar shaida. In ba takarda kuwa, makarantar da Dora ke koyarwa a Rosario ta riga ta gaya mata ajinta zai koma hannun wata.

Shugabar kwas, Malama Shifra, ta ja musu kunne tun farko: "Ba a gyara wa tsoho magana, ba a katse shi. Kuma kar wadda ta kuskura ta ba shi labarin kanta. Kunne na aika, ba baki ba."

Da aka liƙa sunayen mazauna gidan tsofaffin Yahudawa, malamai suka yi rububin masu fara'a. Reb Zalman Pupko kuwa ko kallonsa ba a yi ba. Bara ya kori mutum biyu, ɗaya har da jifa da silifa. Dora ta daɗe a tsaye gaban takardar, sannan ta sa hannu a gefen sunansa. Malama Shifra ta ce, "Ke dai wahala kike nema da kanki."

Tsohon tela ne, shekara casa'in da ɗaya, idanu sun tafi, kunne ɗaya ma ya bi su. Bakin dai yana nan daram.

"Wace ce kuma? Wata mai Yiddish ɗin littafi?"

"Malama ce, Reb Zalman."

"Malama! Kowa malama. Wa kuke koya wa, bango?"

Dora ta zuba shayi a kofin gilashi, ba ta sa sukari a ciki ba, sai ta ɗora masa ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Ya laluba, ya maƙale ta tsakanin haƙora, ya kurɓa. Sai ga magana.

Ya ba da labarin jirgin ruwan da ya kawo shi, da shagonsa na unguwar Villa Crespo, da matarsa Feigue wadda ba ta taɓa dafa kifi ya yi daɗi ba, Allah ya jiƙanta. Dora tana kallon kaset yana juyawa. Ta zo da shirin kuka ko fushi, ta jira, ko ɗaya bai zo ba.

A minti na arba'in ya tsuke baki. Saura ashirin, kuma Malama Shifra da agogo take sauraro. Dora ta karanto tambaya ta gaba a takarda.

"'Ya'ya nawa gare ku?"

"Ɗaya. Namiji." Ya tauna ragowar sukarin. "Da biyu ne."

Ta ɗauka nan zai nemi silifa. Bai nema ba.

"Ɗayar mace ce, shekararta ashirin da biyu. Na yi mata makoki irin namu: na yaga rigata, muka rufe madubai, na zauna kwana bakwai a ƙasa, maƙwabta suna kawo dafaffen ƙwai. Uwarta ba ta sake miƙewa da kyau ba. Shekara talatin ke nan ina kunna mata kyandir, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ƙanenta ya sa wa 'yarsa sunanta. Kin san mu, ba ma sa wa jariri sunan mai rai."

"A ina aka binne ta?"

"Wannan ba tambayar makaranta ba ce, 'yar nan."

Gaskiyarsa, ba ta cikin takarda. Dora ta sake yin wata da ba ta ciki.

"Kuna kewarta?"

"Ana kewar matacce mana. Sai me? Ya dawo?"

Daga nan ya koma kan farashin yadi da lalacewar telolin zamani, har kaset ya yi ƙas, ya tsaya. Tana haɗa kayanta ya ce, "Bakin nan naki ba na littafi ba ne. Ina kika samo shi?"

"A gida."

"To Allah ya yi wa gidan albarka."

Ta ce amin, ta rufe masa ƙofa a hankali.

Washegari Malama Shifra ta saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, tana share hawaye da bayan hannu. "Wayyo, yarinyar nan! Kuma duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya yi zancenta." Ta sa hannu a takardar shaida, ta miƙa wa Dora, sannan ta jawo katin da ake cikewa kafin a adana kowane kaset. "Sai dai bai faɗi ranar rasuwar ba. Kuma wa zai koma ya tambayi wancan?"

"Bakwai ga Maris, 1963," in ji Dora.

Malama Shifra ta gama rubutawa kafin ta ɗago kai.

Dora ta ninke takardarta ta sa a jaka. Ranar ba za ta ɓace mata ba: ita ce ranar da ta auri Osvaldo Ferreyra, Kirista, mahaifinta Reb Zalman kuma ya fito ya shaida wa unguwa cewa 'yarsa ta mutu.