Mai Ciyar da Tarwada

Malamin gona na tsaga kututturen ayabar, sai ga cikinsa baƙi wuluk, yana wari.

"Inna, wannan ruɓar a ƙasa take," ya ce wa matar mai kiwon kifi. "Takalmi ke kwasarta daga gindi zuwa gindi. Wa ke bin layin nan kullum?"

"Ba kowa. Tun rasuwar maigidana lambun a kulle yake."

Ta bi layin da kallo. Ayabar dama lafiya lau, ta hagu ma haka. Ruɓar ta miƙe ne sak daga ƙofa zuwa bakin kandami, daidai inda marigayin ke tsayawa ya ƙwanƙwasa bokiti, tarwada su taso cin abinci.

Ita kuwa tun da ta shiga takaba ko ƙwaya ba ta zuba musu ba. Mushensu ta zo kwashewa.

"Kifayenki sun yi ɓul-ɓul," in ji malamin. "Me kike ba su?"

Kafin ta buɗe baki, ruwan ya hau tafasa. Tarwada suka taru a gabanta, baki hangame. Ba ita suke kallo ba. Bayanta suke kallo.