Zare a Shafin Mutuwa

Tun da mijinta ya rasu, mai hayar littattafai yake saka mata zare a duk shafin da wani zai mutu, don ta tsallake.

Yau ta shigo shagonsa da amsar maganar auren da ya kai wa yayanta, amma sai ta ɓige da zancen littattafai ukun da ta zo da su.

"Wannan ya ba ni dariya har na ji kunya. Wancan kuwa haushi ya ba ni, Malam. Mace ta rasa miji, shafi biyu ta manta da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ukun fa?"

"Ya fi su daɗi. Amma matar ta sake aure, ga zarenka kuma a gaba. Na kasa karantawa, na kasa tsallakewa." Ta dubi furfurarsa, ta kau da ido. "Allah Ya sani, ina tsoron takaba ta biyu."

Ta kai bakin ƙofa, ƙafarta ta ƙi fita. Ta dawo ta miƙa masa littafin.

"Ka taɓa roƙona, ranar da shafi ya gagare ni, in bari mu karanta tare. Cire zaren."