Mai Noman Jema a Bakin Rafi

Tunda na ji ka wasa fartanya za ka share ciyawar gaɓa, zauna ka ji wannan, don ba zan maimaita ba.

Wasu masu lambu ne su biyu a bakin rafi ɗaya, ƙasa da su akwai gurbin da duk ƙauyen ke ɗibar ruwan sha. Na sama ya ga jema, ciyawar nan da ake ɗinka faifai da ita, ta tare masa wuri. Ya tumɓuke ta kakaf, ya ja fangalin albasa har bakin ruwa, ya zabga takin zamani, ya kuma jibge kashin shanu nan gefe. Ambaliyar farko ta kwashe gaɓar da fangalin da tulin takin, ta juye a gurbi. Rani na yi ruwa ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi ruf, kifin karfasa na tasowa a mace, ciki sama.

Na ƙasan, shi ma da ma ya fara sarar tasa jemar. Ran nan matarsa ta tuntsurar da randa a gabansa, wari ya tashi, ta ce, "Malam, in kai za ka sha, bismilla. 'Ya'yana dai ba za su sha wannan ba." Ya nufi gaɓarsa, ya tarar ta tsage, ƙafarsa na shiga har idon sawu. Nan take ya haƙura da fangali uku, mafi kyau a lambun. Ya sassare gaɓar da ke tsaye kamar bango, ya kwantar da ita. Ya kafa turakun ɗanyen icce masu tsiro, ya raba saiwar jema ya dasa layi bayan layi, yana ba ta ruwa da ƙwarya kamar mai renon maraya. Takinsa kuwa ya janye shi can tudu. Masu wucewa na cewa, "Sannu da noman ciyawa! Nawa buhu?" Shi dai dashensa yake.

Damina ta zo da fushinta. Ruwa ya hau jemar, ta kwanta masa, ya wuce, ta miƙe da ƙasarta a hannu. Abin da ya gangaro daga lambu da laka da taki, a gindinta ya tsaya. Sai ga na sama da kwando, kansa a sunkuye, ya zo roƙon saiwa. Aka cika masa har da gyara. Damina biyu bayan nan, mace na ganin ƙasan ƙwaryarta in ta kamfato daga gurbi.

To, ka ajiye fartanyar nan. Ba sai taka gaɓar ta zube za ka koyi hankali ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.