Zanen Zumunta a Kan Igiya

Ina aji huɗu a Kudan, zamanin mulkin soja, wata rana aka sallame mu daga makaranta tun kafin azahar. An ce ana ƙona coci-coci a birni.

Na tarar Mama ta shanya zanenta na zumuntar matan coci a igiya, ana hango shi daga hanya. Na fizge shi na cusa ƙarƙashin gado.

Mama ta ce, "Ke Auta, mayar da shi, bai bushe ba. Wa bai san mu ba a garin nan? Ɓuya ba ta kawo salamar Yesu."

Muka mayar tare. Yatsunta na rawa, har zanen ya faɗi sau biyu. Ban gaya wa kowa ba.

Har yau irin salamarta nake roƙo, mai rawar jiki amma ba ta gudu.