Malamar da Ta Zauna a Bencin Baya

Zauna, 'yata, ki rufe kwamfutar nan. Tun da kika shigo kike nuna mini cewa shekara ta zagayo, ba wanda ya kafa hujja da maƙalarki. Bari in ba ki misalin wata da na tarar a sashen nan ina saurayi, zamanin da tafireta ɗaya gare mu duka, muna bin layinta kamar masu jiran ruwa a famfo.

Malama ce mai nazarin halayyar yara 'yan makaranta. A shekarun fari da yunwa, mutanen arewa suka gangaro da ɗan abin da ya rage musu na dabbobi, aka zuba 'ya'yansu a wata firamare da ke bayan gari. Da yawa cikin yaran ba sa magana a aji. A kira suna, su sunkuyar da kai. A yi tambaya, su ƙura wa ƙasa ido. Malamai suka ce taurin kai ne, wasu suka ce daƙiƙanci, bulala ta yi ta aiki har iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Ita kuwa kullum da safe sai ta hau motar kasuwa ta je, ta tattara zaninta ta zauna a bencin baya, gwiwoyinta na gogar tebur, tana lura da yaran. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tana nan. A haka ta lura cewa in an fita tara, yaran nan sukan tsuguna a bakin kududdufi suna gina shanu da laka, bakinsu yana motsi. Da ta matsa kusa, sai ta ji ashe sunayen shanunsu da suka mutu a hanya suke kira. Ta roƙi hedimasta ya bari a shigo da laka aji, a daina tsayar da yaro gaban jama'a, a zaunar da shi kusa da aboki guda ya ba shi labarin saniyarsa. Kafin zango ya ƙare, yaran sun fara amsa sunansu, wasu har suna ɗaga hannu.

Wannan shi ne abin da ta rubuta, maƙala ɗaya gajeriya, a mujallar tsangayarmu mai shuɗin bango. Har yau ina jin warin tawadar mujallar nan a hancina, da yadda take baƙanta wa mutum yatsu. Kwafi kaɗan aka buga, aka jera a laburare, shi ke nan. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya duba ya ce aikinta bai kai ba, kuma a mujallar gida ya fito, ba wanda ya ambace shi a ko'ina. Ba ƙarya suka yi ba. Sa'o'inta suka hau suka bar ta. Kada ki zaci abin bai dame ta ba. Ranar da aka sanar, ta kulle ofis ta daɗe a ciki, ta fito idanu jajur. Washegari na hange ta a tasha tana jiran motar kasuwa. Haka ta ci gaba har ta yi ritaya ta koma garinsu, muka yi mata 'yar walima da shayi da ƙosai a ƙarƙashin darbejiyar da aka sare aka gina wannan benen.

Shekaru suka ja. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka, aka sake cika azuzuwa da yaran da ba sa magana. Wani matashin mai bincike da aka ɗora wa nauyinsu ya gwada duk abin da ya karanta a littattafan waje, bai ga haske ba, ga malamai sun fara gajiya. Yana cikin lalube a laburare ya ci karo da shuɗiyar mujallar, gara ta cinye gefenta. Ya gwada abin da ke ciki, yaran suka buɗe baki. Da ya rubuta nasa sakamakon, sunanta ya fara ambata, ya kuma ɗora tsohuwar maƙalar a intanet. Daga nan masu bincike a ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita suka riƙa kafa hujja da ita, wasu ma ba su iya rubuta sunanta daidai ba.

Ya yi tattaki har garinsu. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ido ya yi rauni. Ya gaya mata inda aikinta ya kai. Ta ce ya karanta mata wurin da sunanta ya fito, ya karanta, ta ce ya maimaita. Ta yi dariya har ta share ƙwalla da bakin mayafi. Can ta ce, "Ɗana, yaran naka suna magana?" Ya ce suna yi, Mama. Ta ce, "To ka faɗa wa malamansu kada su gaggauta su."

Ba ta zama farfesa ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma yau akwai malaman firamare da ba su taɓa jin sunanta ba, waɗanda in yaro ya yi shiru sukan ajiye bulala su jawo masa aboki. Ki yi aikinki da gaskiya, 'yata. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.