Jan Tudu a Hanyar Shagari

Tun da hantsi Maniru yake auna tuddai a ransa, kamar mai zaɓen albasar iri. Yammaci ɗaya ya rage masa da ita. Gobe da safe danginta za su zo daga Horo Birni su tafi da ita, kuma dattawa sun riga sun rufe maganar.

Akwai dutsen da ke wajen Sifawa. Daga kansa ana hango fadama har inda ido ya gaji, amma hawansa da tsawo, ita kuwa ba mai jure tafiya ba ce. Ga shi ba ya rabo da mutane. Akwai tudun bayan gari a nan Bodinga, sai dai samari sun mayar da shi wurin neman sabis ɗin waya, kafin mutum ya sauko labarinsa ya riga shi gida. Shi ba kyan wuri kaɗai yake nema ba. Inda babu idon da ya san shi yake so.

Sai ya tuna wani jan tudu a hanyar Shagari, inda ya taɓa wuni ranar da motar albasarsu ta lalace. Gajere ne, da aduwa guda a samansa, ba mai hawansa sai awaki.

Da aka idar da la'asar ya ce wa yayarsa Atika zai kai yarinyar shagon magani saboda tarin da take yi. Atika ta dube shi ta daɗe. Sannan ta miƙo masa gorar ruwa da dabino a ƙullin leda.

"Ku komo kahin magariba," in ji ta.

Tsoho Badaru mai keke-napep ya ɗauke su a bakin tasha.

"Hanyar Shagari, Baba. In na ce tsaya, ka tsaya."

Badaru ya leƙo ta madubi. "Amarya, yau ba gaisuwa? Mi niy yi anka yi hushi da ni?"

Ta kawar da fuska.

"Bar ta, Baba. Tun rasuwar innarta haka take."

"Allah shi jiƙan ta," Badaru ya ce, ya rage murya. "Mace ta gari."

Iska ta yi ta kaɗa ɗankwalinta. Maniru yana kallon hanya, yana jin ɗumin kafaɗarta a jikinsa. A gida bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba idan akwai babba a wurin. In ta matso kusa, sai ya tuna da wani aiki a waje. Sau da yawa ya dawo kasuwa ya same ta tsaye bakin zaure, ya wuce kamar bai gan ta ba, sai ya shiga ɗaki ya zauna yana jin ƙirjinsa na zafi. Ba wanda ya taɓa hana shi. Haka ya taso ya ga maza masu kunya suna yi.

Ranar da kakarta ta aiko a ba ta ita, an tara dattawa a zaure, aka juyo aka tambaye shi. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma mahaifinsa na zaune, baffanninsa na zaune, yaya zai buɗe baki ya ce yana son ta kusa da shi? Ya sunkuyar da kai. Aka ce yaro ya yarda, aka shafa fatiha.

Badaru ya tsaya a gindin tudun, ya ce zai kishingiɗa ya jira su.

Suka kama hawa a hankali. Ya riƙe hannunta inda tsakuwa ke zamewa. Tana tafiya tana tsayawa, shi kuma bai ce ta yi sauri ba. Ba su kai rabi ba ta zauna a kan dutse, numfashinta na fita sama-sama. Maniru ya dubi hagu, ya dubi dama. Awaki ne kawai. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Rashin nauyinta ya ba shi tsoro.

A sama, duniya ta buɗe. Gero ya nuna, gonaki sun kwanta rawaya da kore har gindin sama. Can nesa ruwa na walƙiya kamar an yar da faranti, garken shanu na gangarowa ƙanana kamar zubin wake. Ya ajiye ta a inuwar aduwa, ya cire wa dabino ƙwallo ya ba ta.

"Kin ga can, bayan itatuwan nan? Can za ki gobe."

Ta bi yatsansa da ido, tana tauna.

Rana ta fara ja. Daga ƙasa Badaru ya danna hon sau ɗaya. Maniru ya san in ya sauka da abin nan a bakinsa, ba zai ƙara samun wurin faɗinsa ba. Ya durƙusa kusa da ita.

"Mufida."

Ta daina tauna. Ta waiwaya bayanta, tana neman wanda ya yi kiran, don ba ta san sunan da wannan murya ba. Ba kowa sai iska da aduwa. Sannan ta juyo ta zuba masa ido.

'Yar fari ce, ba ta cika shekara huɗu a duniya ba, kuma yau ne ta fara jin sunanta a bakin ubanta.