Ɗigon Nikel a Lu'ulu'u

Mai haɗa lu'ulu'u da inji ya ɗaga wanda ya gama a haske. Akwai baƙin ɗigo a gefe. Ƙarfen nikel ɗin da ke narkar da gawayi a injin matsi ya haɗe da gawayin, ya zama kabaid, wato gamin ƙarfe da gawayi, ya maƙale. Da gawayin gashin wani mamaci aka yi dutsen, matar mamacin kuwa ba ta da sauran ko sili.

In ya ɗora dutsen a zobe, bakin zoben zai rufe aibin, ba mai sani. Ya daɗe yana juya wannan a ransa. Amma da tsohuwar, matar mamacin, ta iso daga Sudbury, garin haƙar nikel, sai ya ajiye mata dutsen tsirara.

"Mama, aiki ya ɓaci. Nikel ya shiga ciki, ba zai fita ba."

"Me ya shiga, ɗan nan?"

Ya kusanto da maganaɗisu, dutsen ya yi tsalle ya manne.

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ja'irin tsoho! Duk rayuwarsa nikel yake haƙa, kullum sai mun yi faɗa kafin ya wanke farce ya ci abinci. Bar min shi haka. Yanzu na yarda mijina ne."